Minti Biyar da Baƙin Lemo

Shekara talatin da huɗu ya yi yana aski a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da wani ɗan kanti da ya canza hannu sau shida. Sunan da iyayensa suka raɗa masa matarsa ce kaɗai ke tuna shi, ita ma sai an ba ta takarda ta cike. Kowa Minti Biyar yake ce masa, domin duk wanda ya leƙo ya tambayi ko akwai layi, amsar ɗaya ce: "Shigo ka zauna, minti biyar ne." Mutum zai shigo, ya karance jaridar shekaranjiya, ya yi gyangyaɗi ya farka, ya tarar har yanzu ana kan kunnen hagu na wanda ya samu a kujera. Amma ba a yin zuciya a tafi, saboda hannunsa na da kyau. Idan ya gyara maka ƙeya, sai ka yi kwana biyu kana neman dalilin juya wa mutane baya.

Wajen kawunsa ya koyi sana'ar, bayan makaranta ta gaji da shi, shi ma ya gaji da ita. Da almakashi ya yi aure, da shi ya raini 'ya'ya huɗu, har autar ta gama karatun koyarwa. Shagon kujeru biyu ne, da dogon benci, da madubin da ya tsage a kusurwa tun ranar da aka kafa shi, da kanta cike da kwalabe, sai ƙaramin firij a bayan labule. Kujera ta biyu ta Dogo ce, abokin aikinsa na shekara ashirin, mutumin da in ya yi kalma goma a wuni to ranar ya yi surutu. Sun dace da juna ƙwarai. Ɗaya na zuba, ɗaya na gyaɗa kai.

Abu ɗaya ne Minti Biyar bai taɓa yi ba a duk shekarun nan, wato zama ya ci abincin rana. A tsaye yake ci, tsakanin wannan kai da wancan. Burodi ne, a tsaga shi a cusa naman gwangwani, ko cukun nan da ke zuwa a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, ko 'yan sandunan naman leda da ba wanda ya san dabbar da ta bayar da su. Sannan a kora da baƙin lemo mai sanyi. Kwalba ɗaya da hantsi, biyu da rana, ɗaya da yamma, wata kuma in hira ta yi daɗi, hira kuwa kullum daɗi take yi. Da gindin almakashi yake ɓalle murfin, ko dubawa ba ya yi. Ruwa a ganinsa an yi shi ne don wanka da jiƙa gashi.

Yana da shekara hamsin da takwas ƙaiƙayi ya kama shi. Baya, damatsa, ƙauri, ko'ina. Sai a ga ya tsaya tsakiyar aski, ya zura dogon mataji ta wuyan riga yana susa, ido a lumshe. Akwai wani tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, wanda har yanzu ake kira Hedimasta, shekara talatin yana kawo kansa shagon. Shi ne ya kasa haƙuri.

"Ina so in ba ka shawara, in ba za ka ji haushi ba," in ji shi. "Ka daina susa a gaban jama'a. Mutum yana zaune yana kallonka ta madubi, sai ya fara tunanin abin da ke cikin matajin da za a sa masa a ka."

Daga ƙaiƙayi sai ƙafafu suka fara kumbura, takalmi ya daina shiga sai da lallashi. Gidansu a hawa na biyu yake, ya koma sai ya huta a tsakiyar matakala, yana yi kamar neman mukulli yake a aljihu. Matarsa, wadda ke ɗinkin labule a gida, ba mai yawan jayayya ba ce. Ta kalle shi wata guda. Ran nan da safe ya nemi mukullin shago sama da ƙasa bai gani ba.

"Maman yara, kin ga mukullina?"

"Na gani. Yana cikin jakata, jakar kuma asibiti za ta. In kana so ka biyo ta."

Haka ya bi jakar. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka ɗauki hoton cikinsa, bayan kwana uku suka koma. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi autarsa ba, abin da ya sa ya shiga da shirin yi mata bayani. Ita kuwa ta jera takardu a gabanta, ta ce ƙodarsa ta gaji. Hawan jini ya daɗe yana cin ta a ɓoye, yanzu aikin da take yi bai kai rabin na da ba.

"Sannan akwai wani sinadari da ya taru a jininka, Baba. Fosforas ake ce masa."

"Wa ya sa min?"

"Kai ka sa."

Ta ce ba guba ba ce. Kusan kowane abinci na da shi, jiki ma na buƙatarsa don ƙashi da haƙori. Idan ya yi yawa, ƙoda ce ke tace shi ta fitar. To tasa ta daina iyawa, sai ya tsaya a jini. Can sai ya haɗu da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, su biyun su maƙale a jikin jijiyoyin jini.

"Kana da butar dafa ruwa a shago?"

"Ina da ita, ta ruwan tawul."

"Ka san farin abin nan da ke daskarewa a cikinta, sai an kankare? Irinsa ne. Jijiya mai lafiya laushi gare ta, tana buɗewa tana tsukewa duk bugun zuciya. Idan ta sandare, sai zuciya ta yi ta turo jini da ƙarfi, ta wahala. Wani lokaci ma jinin ya kasa kaiwa ƙafa. Ƙaiƙayin nan ma yana da hannu a ciki."

Ta ɗaga hoton ga haske, ta nuna masa wani farin zane da ya bi gefen ƙashin bayansa.

"Wannan ba ƙashi ba ne, jijiya ce. Bai kamata ta fito a hoto ba."

Ya matsa ya duba da kyau. "Amma dai ta fito sosai," in ji shi, da 'yar alamar alfahari. Matarsa ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Da likitar ta tambayi abin da yake ci, ya ce ai shi ba mai ci ba ne, ɗan burodi ne kawai. Matarsa ta karanto sauran, kwalba bayan kwalba. Likitar ta ajiye biro. Ta ce masu haɗa abincin gwangwani da na leda da baƙin lemo suna ƙara wannan sinadari don abin ya daɗe, ya yi kyau, ya yi ɗanɗano, kuma irin wanda ake ƙarawa kusan duka yake shigewa jini. Ta rubuta haruffa huɗu manya a takarda, P, H, O, S. Duk kalmar da suka ga haruffan nan a cikinta a bayan gwangwani ko leda, su mayar da shi kanta. Ta ba shi ƙwayoyin da zai riƙa taunawa a tsakiyar cin abinci, su kama sinadarin tun a ciki kafin ya shiga jini.

"Lemon fa? Ko guda ɗaya a rana?"

"Ko rabi, Baba."

A ranar matarsa ta kwashe firij ɗin shago, ta cika shi da gorunan ruwa. Kullum ƙarfe ɗaya sai ga ta da kula, shinkafa da ganye da ɗan kifi ɗanye da ta dafa da hannunta. Ta sa shi ya zauna a benci kamar mai jiran aski, ta tsaya har ya tauna ƙwayar. Ya ce ɗanɗanonta kamar allin makaranta, da ma shi allin ne ya kore shi daga aji, ga shi ya biyo shi da tsufa.

Kwana tara ya yi bai sha lemo ba. A na goma, yana tsaye a ƙofa wata mota ta wuce da hoton kwalba mai raɓa a jikinta, ya bi ta da ido har ta sha kwana. Da ya dawo ciki idonsa ya faɗa kan kanta. Akwai robobin feshi guda biyu, shuɗaye iri ɗaya, waɗanda ba a ganin cikinsu, na jiƙa gashi kafin a taje. Ya wanke ɗaya tas. Ya zagaya ta baya wajen mai kanti, wanda ya miƙo masa kwalba a naɗe cikin jarida ba tare da sun haɗa ido ba. Ya juye ta a robar, ya ɗaura mata ɗan zare ja a wuya don kada ya rikice. Daga ranar, in abin ya motsa, sai ya ɗauki robar ya shige bayan labule "ya ƙara ruwa", ya kwance kan, ya kurɓa. Lemon ya huce, ya yi ɗumi, yana warin roba, amma a bakinsa bai taɓa yin daɗi haka ba. Dogo ya gani, ya ci gaba da askinsa. Da ma ba a sa ran zai tona.

Sati biyu abin na tafiya lafiya. Sai ran wata Asabar da Dogo ya nemi abin da zai ɗaure wayar injin askinsa da ta kwance, ya ga zare ja a wuyan roba, ya cire ya yi amfani da shi.

Ranar ce Hedimasta ya zo cikin farar riga mai guga, za shi taron tsofaffin ɗalibansa, shi ne zai yi jawabi. Kansa fari fat, gashin ya janye daga tsakiya ya taru a gefe, kuma yana ji da abin da ya rage. Yana zama sai ga matar Minti Biyar da kula, ta gaida kowa ta zauna a benci tana jira. Minti Biyar na tsakiyar labarin wani direba da ya taɓa yi wa aski, ya miƙa hannu baya ya ɗauko roba, ya fesa sau uku.

A na uku ya ga abin da ya yi. Farin gashin nan ya koma ruwan ƙasa, ɗigo-ɗigo na gangarowa ta bayan kunne. Ya kalli madubi, ya ga matarsa na kallonsa. Ya lissafa cewa in ya tsaya yanzu ya tonu, don haka ya ƙara fesawa sau biyu, ya sa hannu yana murzawa.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Hedimasta.

"Sabon maganin gashi ne, ranka ya daɗe. Yana ƙarfafa saiwa."

"Ban san kana da shi ba. Tsakiyar fa, yana fito da ita?"

"Ana dai gwadawa."

"To ƙara min a tsakiyar."

Ya ƙara. Wani ɗigo ya biyo ta goshi, ya bi gefen hanci, ya tsaya a gashin baki. Hedimasta ya lasa ba da niyya ba. Ya sake lasa.

"Maganin nan naka da zaƙi."

"Na ganye ne."

Ya sa mataji, mataji ya kafe. Ya ja, kan Hedimasta ya biyo. Ƙuda ɗaya ya shigo ya sauka a tsakiyar kan, wani ya biyo shi, sai kuma wani ƙudan zuma da ba a san inda ya fito ba ya fara zagaye. Dogo ya ajiye injinsa ya fita waje, aka hango kafaɗunsa na rawa don dariya.

Matar ta tashi a hankali. Ta karɓi robar, ta kwance kan, ta shinshina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Hedimasta ya yi haƙuri, ta ɗora buta, ta sa mijinta ya wanke kan sau uku da sabulu, ita kuma ta goge wuyan rigar da ruwan ɗumi iya yinta. Da ta gama, ta ajiye kular a benci.

"Baban yara, ni na zaci tare muke wannan aikin," in ji ta. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya da tawul a hannu kamar wanda aka bari gadi. Hedimasta ya daɗe yana duba wuyan rigarsa a madubi, sannan ya tambayi me likita ta ce. Minti Biyar ya faɗa masa duka, har da farin zanen.

"To ga hukuncinka," in ji Hedimasta. "Ina da ƙane da ba ya iya fitowa aski. Jibi da safe ka ɗauko kayanka, zan kai ka."

Ƙanen tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mai fara'a, yana zaune bakin taga da bargo a cinya. Ya tarbe su da barkwanci, ya ce ya ji labarin maganin gashi, a ajiye masa roba ɗaya. Da aka zo gyara masa zama bargon ya zame. Ƙafar dama ta ƙare a ƙasan gwiwa.

"Kada ka damu, na saba," in ji shi. "Ɗan ciwo ne a yatsa, kamar ƙwayar wake. Wata takwas bai warke ba. Suka ce jini ba ya isa can, hanyar ta sandare. Ni ma ƙoda ce. Sau uku a sati nake zuwa a wanke min jini da inji. An faɗa min tun da wuri fa, irin abin da aka faɗa maka. Na ce likitoci ba sa son a ji daɗi."

Minti Biyar ya yi askin, ya gyara gemu, ya share wuya. Hedimasta ya ce a shekara talatin ranar ce kaɗai ya ga ya gama kai guda bai ba da labari ko ɗaya ba. A hanyar dawowa ya ƙi shiga mota, ya taka da ƙafa, yana jin kowane taku. Da ya isa gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki. Ya tsaya a bayanta ya ce, "Na bari." Ba ta juyo ba, ta ce abincinsa na kan tebur, ƙwayar na gefen faranti.

To shi mutum ne da ba ya yin abu rabi. Da ya bari, sai ya zama kowa ma dole ya bari. Ya aro gilashin ƙara girman rubutu wajen mai gyaran agogo, ya ƙi mayar masa. Ya shiga kantin maƙwabcinsa yana ɗaga gwangwani ɗaya bayan ɗaya, yana karanto haruffa huɗun nan da ƙarfi a gaban masu sayayya, har mai kantin ya roƙe shi ya riƙa zuwa bayan an watse. A shago kuwa ya gane cewa babu mai sauraro kamar wanda aka shafa wa kumfa aka ɗora masa reza a maƙogwaro. Nan zai tsaya ya tambaya, "Me ka ci jiya da rana?" Mutum ya amsa a hankali, ba ya son motsa wuya. Sai a ɗauko buta a nuna masa cikinta. Akwai wanda ya rantse ya daina naman gwangwani tun kafin a gama masa gefe ɗaya.

A gida ma ya wuce gona da iri. Ya ji an ce wake na da sinadarin, ƙwai na da shi, madara na da shi, sai ya kafa doka a daina sayen su. Ya koma shinkafa da kabeji, ya rame, wando na zamewa. Da suka koma asibiti likitar ta auna shi ta riƙe baki.

"Baba, ban ce ka daina cin abinci ba. Wanda ke cikin wake da hatsi ba duka jiki ke ɗauka ba, kusan rabi wucewa yake. Ka ci ƙwai, ka ci kifi, ka ci nama ɗanye da aka dafa a gida, daidai yadda na rubuta maka. Na gwangwani da na kwalba na hana."

"Mutanen da nake wa gargaɗi fa?"

"Wanda ƙodarsa ke da lafiya tana fitar masa da yawancinsa. Ragewa alheri ne gare su, amma ka daina tsorata mutane da reza a hannu. Labari ya zo min. Ɗaya daga cikinsu mijin yayata ne."

Bayan wata shida aka sake ɗiban jini. Sinadarin ya sauka, ƙaiƙayin ya tafi, takalmi ya koma shiga da kansa. Ya tambaya ko farin zanen ya goge. Likitar ta gaya masa gaskiya, wanda ya riga ya sandare da wuya ya koma yadda yake, aikinsu yanzu shi ne kada ya ƙaru, kuma ƙodar ta riƙe abin da ya rage mata. Ya ce to ai ko kan da ya yi sanƙo ana gyara gefensa.

Suna fitowa likitar ta sake kiransa. Ta ce akwai wani direban tasi a benci, yau aka faɗa masa irin nasa, ya ce ba mai raba shi da lemo, ko zai ɗan yi masa magana? Minti Biyar ya je ya zauna kusa da mutumin, wani ƙato mai ɗaure fuska. Ya buɗe baki zai fara, sai idonsa ya sauka a ƙeyarsa.

"Ɗan'uwa, wa ya yi maka wannan askin?"

"Me ya same shi?"

"Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da yatsa guda. Ka zo shagona gobe in gyara maka, ka ji. Magana kuma ma yi ta a can."

Direban ya shafa ƙeyarsa, ya tambayi kwatance. Washegari ya zo, ya kuma ci gaba da zuwa. Ba a ce ya bar lemo rana ɗaya ba, amma yanzu ranar asibitinsu ɗaya, shi ke ɗaukar Minti Biyar da matarsa a tasi, su biyu a gaba suna musu a kan wanda sakamakonsa zai fi kyau, ita a baya tana riƙe da takardun duka su biyun.